Bushiya, jangali da garma: yadda likitan dabbobi ya iso ƙasar Kafur

A birnin Landan akwai wani gida a unguwar Battersea wanda asalinsa ya koma shekarar 1860, aikinsa karɓar karnukan da suka ɓace ko aka yasar, a yi musu magani, a nema musu mai riƙo. Likitocin dabbobi da yawa a Turai da Amurka a irin waɗannan gidaje suke ƙare rayuwar aikinsu. A ƙasar Kafur da Malumfashi da Funtuwa kuwa, dabbar da ta ɓace gidan mai unguwa ko dagaci ake kai ta, a yi cigiya ranar kasuwa, mai ita ya zo ya faɗi kamanninta ya kora abarsa. Likitan dabbobi bai shigo wannan yanki don kare ko kyanwa ba. Saniya ce ta kawo shi, tare da wata annoba da yaran yau ba su ma san sunanta ba, wato bushiya.

Cutar ta shigo Afirka wajen 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, a bakin Bahar Maliya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su don abinci. Daga nan ta bi burtali da mashaya ta yi yamma, cikin 'yan shekaru ta kai Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. Saniyar da ta kamu sai ta yi zazzaɓi, ido da hanci su dinga zuba, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, cikin mako ɗaya ko biyu ta faɗi. A wurare da dama tara cikin goma na garke suka mutu. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya rubuta irin ɓarnar da ya gani a hanya. Fulani sun sa wa wannan annoba suna “Sannu”, don babu abin da ya rage a ce wa makiyayi sai jaje. Ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914 aka kira ta “Gamagari”, ta kuma komo wajen 1919 zuwa 1920 aka ce mata “Docchal”, kalmar Fulatanci mai nuni da ɗan abin da ya saura.

Ana cikin wannan hali gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya, gab da Yaƙin Duniya na Farko, sannan a 1924 aka mayar da cibiyarsa Vom, a kan tsaunukan Jos. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris, bayan da bushiya ta ɓulla a Beljiyam a 1920 ta hanyar wasu shanun Indiya da aka sauke a tashar Antwerp. Hatta makarantar likitocin dabbobi ta farko a duniya, wadda aka kafa a Lyon ta Faransa a 1761, annobar shanu na cikin dalilan kafa ta. Kusan ko'ina aka duba, wannan sana'a 'yar bushiya ce.

Ba tausayin makiyaya kaɗai ya motsa Turawa ba, kuma makiyayan sun san haka. Jangali na cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na baitulmalin En'e, fatu da ƙiraga kuma suna cikin kayan da jirgin ƙasa ke kwasa daga Kano zuwa Ikko. Saniyar da ta mutu ba ta biyan jangali. To amma wannan dangantaka ita ce ta zame wa malamin dabbobi ƙarfen ƙafa. Bafulatanin da ya kai garkensa sansanin allura ya san cewa za a ƙirga shanun, kuma ba shi da tabbacin cewa lissafin ba zai kai kunnen mai karɓar jangali ba. Ga shi kuma allurar farko tana da haɗari: ana yi wa saniya allurar jinin da ke ɗauke da cutar, a lokaci guda a yi mata ta ruwan jinin wata da ta warke, a tsare garken kwanaki ana dubawa. Wadda ta tsallake ta tsira har abada, amma wasu sukan mutu a sansanin a gaban mai su. Wanda ya ɓoye rabin garkensa a daji a wancan zamani ba jahilci ya sa shi ba. Lissafi ya yi. Hasali ma rigakafi ba baƙon abu ba ne a ruga. Tun kafin Turawa, Fulani sukan yanki ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar karan hancin lafiyayya su cusa, don ta samu kariya. Abin da suke tantama a kai shi ne mai allurar da wanda ya aiko shi.

Abin da ya mayar da lafiyar shanu damuwar manomin Kudancin Katsina, ba ta makiyayi kaɗai ba, shi ne garma. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Gusau ya ratsa Funtuwa, an buɗe gonar irin auduga a Daudawa, kuma a 1928 Sashen Aikin Gona ya fara koya wa manoma huɗa da shanu, ana ba su bijimai biyu da garma a matsayin bashi ta hannun En'e. A shekarar ce kuma aka kafa gonar kiwo ta Shika. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, mai laka da isasshen ruwan sama, ta karɓi tsarin fiye da wurare da yawa, don auduga na kawo kuɗin da za a biya bashin. Daga nan lissafi ya sauya. Makiyayi mai shanu ɗari idan biyu suka mutu ya yi asara. Manomin Gozaki ko Mahuta mai bijimai biyu idan ɗaya ya kwanta a farkon damina, huɗar bana ta tafi, bashi kuma yana nan. Irin wannan manomi ba ya gudun malamin dabbobi, nemansa yake yi. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya ya yawaita masara da takin zamani, amma bai kori shanun huɗa ba. Har yau tarakta ta mai hali ce.

Babban yaƙi da bushiya ya soma a 1962, lokacin da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka ƙaddamar da shirin haɗin gwiwa da aka sani da JP15. Manufar ita ce a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara, shekaru uku a jere, a huda mata kunne don shaida. An dace da samun allurar da Walter Plowright ya haɗa a Kenya, wadda ba ta kashe dabba, kuma sau ɗaya ta wadatar. Aibinta guda: ba ta jure zafi, dole a riƙe ta cikin sanyi daga Vom har bakin ruga. A tsakiyar shekarun 1960 ɗin ne kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Samaru, 'yan ƙasa suka fara karɓar aikin daga hannun Turawa. Kafin shirin ya ƙare a 1976, bushiya ta zama labari a Arewa.

Nan aka yi sake. Yarjejeniyar ita ce kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa allura duk shekara, amma cutar da ba a gani ba ta samun kaso a kasafin kuɗi. Ƙwayar cutar ta laɓe a kan iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan, yayin da sabbin shanu marasa kariya ke cika garake. A farkon shekarun 1980 ta taso daga ɓangarorin biyu, ta fara ɓulla ta wajen Sakkwato, sannan a 1983 ta shigo da ƙarfi ta Borno ta bazu a Arewa. Ta zo daidai lokacin da kuɗin fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari na tsuke bakin aljihu, fari kuma ya tara shanu a 'yan mashayan da suka rage. An ƙiyasta asarar Najeriya da kimanin dala biliyan biyu. Wannan karon makiyaya ne ke bin malaman dabbobi suna roƙon allura, allurar kuwa ba ta isa ba. Shekaru sittin aka shafe ana lallashin Bafulatani ya kawo garkensa. Ranar da ya kawo, gwamnati ce ba ta shirya ba.

Sai da aka sake sabon shiri na nahiyar Afirka a 1986. An ga cutar karo na ƙarshe a Najeriya a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A gabashin Afirka, abin da ya ƙarasa aikin shi ne allura mai jure zafi da kuma horar da makiyaya su yi wa shanunsu da kansu a wuraren da yaƙi ya hana jami'i shiga. A 2011 aka shelanta cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu bayan agana.

Nasarar ba ta bar ƙaƙƙarfan tsari a ƙauye ba. Tun daga matakan tsuke tattalin arziki na 1986, maganin kyauta ya ja baya, mai tallan magani a kasuwar ƙauye ya maye gurbin malamin dabbobi, manomi ya koyi tsira wa bijiminsa allura bisa ƙiyasi. Ciwon huhu da sammore da ciwon hanta suna nan. Sannan satar shanu ta zo ta yi abin da jangali ya yi a da, har ta zarce: mai shanu ya koma ɓoye su, jami'i kuma ba ya iya shiga daji. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Kafur ne, ya sa hannu a dokar da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Kafur da Malumfashi. Kasuwa kuwa ita ce wurin da ido ke fara ganin cuta. Abu mafi kama da gidan Battersea da yankin ya sani shi ne filin da ake tara shanun da jami'an tsaro suka ƙwato, suna jiran masu su: dabbobi daga garake daban-daban, a rame, a cuɗe wuri guda, irin haɗuwar da kowace annoba ke so.

Yanzu hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da ƙanwar bushiya, annobar awaki da tumaki da aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942. Allurar da aka fi amfani da ita a duniya an samo ta ne daga ƙwayar cutar da aka ware a Najeriya a 1975, kuma Vom na sarrafa ta. Sai dai awaki da tumaki ba a ruga suke ba, a cikin gida suke, mafi yawansu na mata ne, da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya da biyan kuɗin asibiti. Malamin da zai yi musu allura a Kafur sai ya tsaya a zaure ya nemi izinin maigida, ko kuma a horar da mata su shiga da allurar.