MAƘERAR TAFI-DA-GIDANKA: DAGA FAGEN FAMA ZUWA DANDALIN NUNIN TARIHI

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai maƙeran da sukan haɗa 'yar ƙaramar tirela, su shirya murhu da zugazugi da uwar maƙera a cikinta, su ɗaura ta a bayan mota, su riƙa zagaya makarantu da bukukuwa da gidajen tarihi suna nuna wa jama'a yadda aka yi ƙira a zamanin dā. Wanda ya hangi abin daga nesa zai zaci wasa ne kawai na masu neman abin ɗebe kewa. Amma wannan maƙera mai ƙafafu tana da dogon tarihi, wanda ya faro daga rundunonin yaƙi. Manufar wannan lacca ita ce a bi asalinta, a duba yadda ake haɗa ta a yau, sa'an nan a nuna cewa haɗa ta aikin tarihi ne kamar rubuta littafi, domin kuwa kowane kayan aiki da aka ɗora a kanta yana da zamaninsa, kuma in aka cakuɗa zamunan, to an koya wa masu kallo abin da bai taɓa faruwa ba.

Asalinta a Rundunar Yaƙi

Muddin doki ne ke jan igwa, runduna ba ta iya tafiya ba maƙeri. Kofaton doki yana tsiro kamar farce, saboda haka dokin da aka sa wa takalmin ƙarfe yana bukatar a sake masa shi wajen kowane mako shida, ban da wanda ya fizge a hanya. Haka kuma ƙarafan keken igwa sukan karye, sarƙoƙi su tsinke, ƙarfen da ya kewaye ƙafar keke ya yi sako-sako. Ba ya yiwuwa a koma gari neman gyara alhali abokan gaba suna gaba, sai dai maƙerar ta bi rundunar.

A Faransa, wani hafsa mai suna Gribeauval ya sake tsarin igwogin ƙasar tun daga 1765, inda ya sa aka riƙa ƙera kekuna da ƙafafunsu a kan awo ɗaya, don a iya cire na wannan a sa wa wancan. Maƙerar da dawaki ke ja tana cikin wannan tsari, kuma da shi Napoliyon ya yi yaƙe-yaƙensa. Muhimmancin aikin maƙeri ya fito fili a 1812, lokacin da rundunarsa ke komowa daga Mosko. Da ƙanƙara ta rufe hanya, dawakin da ba a sa musu takalmi mai ƙusoshin kama ƙasa ba suka riƙa zamewa suna faɗuwa, aka yi ta barin igwogi da kekunan guzuri a kan hanya.

Samfurin da aka fi kwaikwaya a yau shi ne na yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. Wani hafsa mai suna Alfred Mordecai ya fitar da zane-zanen kayan igwa na rundunar ƙasar a 1849, kuma ɓangarorin biyu da suka gwabza duk a kan wannan tsari suka haɗa maƙerunsu. Rukunin igwa shida yana da keken harsashi shida, kowane keke kuwa dawaki shida ke jansa, watau dawaki 72 ke nan. In aka haɗa da na keken kayan gyara, da na maƙera, da na hafsoshi, da na ko-ta-kwana, sai su haura 100. Ƙafa 400 ke nan a wuyan maƙera guda.

Ita maƙerar keke ce mai ƙafa biyu, ana ƙulla ta a bayan wani keken mai ƙafa biyu wanda ke ɗauke da akwatin kayan hannu. Tana da ɗaki na katako inda babban zugazugi yake kwance don kada ruwa ya taɓa fatarsa, da murhu na ƙarfe, da akwatin kwal, da wurin ajiye sandunan ƙarfe. Uwar maƙerar tana da nauyin laba 100, watau kimanin kilo 45, kwal ɗin kuwa laba 250. Jimlar kayan da take ɗauka ya kai laba 1,200. In an yada zango sai a kwance dawaki, a sauke uwar maƙera ƙasa a kan gungumenta, a hura wuta.

Mutuwa da Farfaɗowa

Abubuwa biyu suka kashe wannan keke. Na farko, a ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu irin su Buffalo Forge, wadda aka kafa a 1878, suka fara sayar da ƙananan murhu masu fanka ta hannu, waɗanda mutum biyu za su iya ɗauka, ga su kuma ba su da fatar da za ta ruɓe. Na biyu, bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare a 1918, mota ta ci gaba da ture doki a rundunonin Amurka da Ingila da kuma gonakinsu. Kafin shekarun 1950 su ƙare, maƙerar ƙauye ta kusa ɓacewa a waɗannan ƙasashe.

Farfaɗowar ta biyo ta hanyoyi uku. Akwai gidajen tarihi na fili, irin su Skansen wanda Artur Hazelius ya buɗe a birnin Stockholm na Suwidin a 1891, da tsohon garin Williamsburg na Amurka wanda aka fara mayar da shi kamanninsa na dā a 1926. A irin waɗannan wurare ne aka fara ajiye masu sana'a suna aiki a gaban baƙi. Akwai kuma bukukuwan cikar yaƙin basasa shekara 100, daga 1961 zuwa 1965, waɗanda suka yawaita masu sa tufafin sojan dā suna kwaikwayon yaƙi. Daɗin daɗawa, a 1969 Alex Bealer ya buga littafinsa a kan fasahar ƙira, bayan ya bi tsofaffin maƙera yana tambayarsu, a 1973 kuma aka kafa ƙungiyar maƙera ta ABANA a garin Lumpkin na jihar Jojiya, ta Birtaniya ta biyo baya a 1978. To, gidan tarihi yana wuri ɗaya, masu kallo kuwa suna ko'ina. Shi ya sa maƙera ta sake hawa ƙafafu, amma wannan karo 'yan makaranta take bi.

Yadda Ake Haɗa Ta

Matsala ta farko ita ce nauyi. Uwar maƙera, da murhu, da kwal, da tarin awartaki da masaɓa, duk kaya ne masu nauyi a ƙaramin wuri. Ƙa'idar masu jan tirela ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maƙullin da ke haɗa ta da mota. In nauyi ya koma baya, tirelar takan riƙa lilo a kan hanya har ta kifar da motar. Don haka akan ajiye manyan kaya ƙasa-ƙasa, a kan sandar ƙafafu ko gaba da ita kaɗan, a ɗaure kowanne da ƙarfe, domin uwar maƙera mai kilo 45 in ta kwance a lokacin da aka taka birki, ba bangon katakon da zai tare ta.

Matsala ta biyu ita ce duka. Tirela tana zaune a kan sifirin da taya, su kuwa an yi su ne don su shanye girgiza. In aka kafa uwar maƙera a kan daɓen tirela, sai su shanye ƙarfin masaɓa, maƙeri ya gaji ƙarfe bai miƙe ba. Mafita ita ce wadda sojojin 1861 suka sani, watau a sauke ta ƙasa a kan gungume. Wasu sukan sa jak a kusurwa huɗu su tokare tirelar don murhun ya daina motsi.

Matsala ta uku ita ce haske. Maƙeri ba ya auna zafin ƙarfe da na'ura, da launi yake gane shi: ja a wajen digiri 700, ruwan ɗorawa a wajen 1,100, fari a wajen 1,300, inda ƙarfe biyu ke iya haɗuwa su zama ɗaya. A tsakar rana waɗannan launuka ba sa fita, sai ƙarfe ya ƙone mutum bai sani ba. Wannan ne dalilin duhun maƙerun dā, kuma shi ne ya sa masu haɗa tirela sukan yi mata bango mai buɗewa sama ya zama rumfa.

Matsala ta huɗu ita ce lafiyar jama'a. Akan shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin murhu, a bar tazara tsakaninsa da katako, a yi bututun hayaƙi mai tsawo wanda ake cirewa in za a tafi. Akan ja igiya don masu kallo su tsaya nesa da tartsatsi, a ajiye bokitin ruwa kusa. Ƙarfen da ya daina ja yana iya zama da zafin digiri 400, kuma shi ne ya fi ƙona yara, don a ido kamar ya huce. Ba a kuma sa ƙarfe mai rufin tutiya a wuta, saboda hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Kafin a kama hanya sai an kashe wutar ƙurmus.

Matsalar Gaskiyar Tarihi

Duk waɗannan ana iya warware su da dabara. Abin da ya fi wuya shi ne tambayar da mai haɗawa zai yi wa kansa tun kafin ya yanka ƙarfe na farko: wace shekara ake nufin nunawa, kuma a wane wuri? Wanda ya sa rigar sojan 1863 yana juya fankar hannu ta wajen 1900 ya haɗa kaka da jika a goyo ɗaya. Wanda kuma yake ta ƙera takalmin doki daga sandar ƙarfe da sunan maƙerin rundunar Arewa, ya manta cewa tun 1835 Henry Burden ya ƙago injin yin takalmin doki a garin Troy, kuma daga masana'antarsa mafi yawan takalman rundunar suka fito. Aikin maƙerin fagen fama shi ne ya zafafa takalmin ya daidaita shi da kofato.

Har ila yau, shi kansa ƙarfen ya canja. Ƙarfen da maƙeran dā suka sarrafa yana da jijiya kamar itace, saboda ragowar kashin tama da ke cikinsa, yana son zafi mai yawa, yana kuma haɗuwa da sauƙi a wuta. Hanyar Bessemer ta 1856 ta kawo ƙarfen zamani mai araha, har aka rufe masana'antun ƙarshe na tsohon ƙarfen a Amurka a 1969, a Ingila kuma a shekarun 1970. Yawancin masu nuni a yau da ƙarfen zamani suke aiki. Wannan ba laifi ba ne, kamar yadda taya da fitilar baya ba laifi ba ne, tun da dokar hanya ta tilasta su. Laifin shi ne a ɓoye. Masu aikin da suka san abin da suke yi sukan gaya wa jama'a abin da ke na dā da abin da ke na yanzu, kuma wannan bayani yakan zama rabin darasin.

Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Ƙira ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Matoyan ƙarfe da Bernard Fagg ya haƙo a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, sun haura shekara 2,000. Labarin gargajiya na Kano ma ya danganta sunan garin da wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Maƙerin Hausa bai bukaci keke ba, domin zugazuginsa na fatar akuya ne, uwar maƙerarsa ƙarama ce da ake kafawa a ƙasa, gawayinsa na ƙirya, duk jaki ɗaya ya isa ya kai su kasuwar ƙauye. A zaune yake aiki, kuma abin da mahaya suka nema a wurinsa shi ne linzami da likkafa da ƙaimi da mashi, don ba a saba yi wa dawakin nan takalmi ba.

Saboda haka, in wani gidan tarihi ko wata jami'a za su haɗa irin wannan tirela a nan, kwaikwayon keken Mordecai kuskure ne. Tirelar za ta ɗauki kaya ne da rumfa, ƙirar kuwa a ƙasa za a yi ta, yadda aka gada. Akwai kuma dalilin hanzari. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka yi araha, narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. A Arewacin Kamaru, da masana suka so ganin yadda Mafawa ke narka ƙarfe, sai da suka roƙi wani dattijo mai suna Dokwaza ya sake gina matoya a 1986, suka ɗauki aikin a fim, bayan an daɗe da barinsa. Ƙirar fartanya da lauje da gatari tana nan da ranta a kasuwanni, amma a wurare da yawa fanka mai ƙafar keke ta maye gurbin zugazugin fata.

Kammalawa

An bi maƙerar tafi-da-gidanka daga tsarin Gribeauval zuwa yaƙin basasar Amurka, an ga mutuwarta da dawowarta, an kuma duba matsalolin haɗa ta. Gidan tarihi yana iya ajiye awartaki da masaɓa a bayan gilashi shekara ɗari, amma ba ya iya ajiye sanin lokacin da za a zaro ƙarfe daga wuta, ko yadda mai zuga ke karɓa-karɓa da hannuwansa biyu don iska kada ta yanke. Wannan ilmi a hannun masu shi yake, kuma ba ya wucewa ga na baya sai an yi aikin a gabansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sharaɗin kawai shi ne abin da za a gani ya zama an tantance zamaninsa da wurinsa, a kuma nemi tsofaffin maƙera su jagoranci aikin tun suna da ƙarfin ɗaga masaɓa.