Yadda alamar ?. ta shigo JavaScript

Matashin da ke koyon rubuta manhaja a Gwarzo ko Kabo, a kan tsohuwar kwamfuta ta hannu, yana iya rubuta ɗalibi?.adireshi ya ga edita ya ja masa jan layi a ƙasa, alhali rubutunsa daidai yake. Abin da ciwo, domin mai koyo kansa yake fara zargi. Jan layin nan yana da tarihi.

A da, mai neman garin wani ɗalibi sai ya bi matakala: ɗalibi && ɗalibi.adireshi && ɗalibi.adireshi.gari. In ya tsallake ɗaya, kuma aka yi rashin sa'a babu adireshin, manhajar ta tsaya cik. Harshen Groovy ya daɗe da maganin wannan, C# kuma ya samu nasa a 2015: alamar ?. tana cewa in abin yana nan a wuce gaba, in babu a dawo hannu rabbana ba tare da rigima ba.

Tun 2014 aka roƙi masu TypeScript na Microsoft su kawo ta. Suka ƙi yin riga malam masallaci, suka jira kwamitin TC39 mai tsara JavaScript. Sai a Yulin 2019 shawarar shigar da alamar ta kai mataki na uku a kwamitin, TypeScript 3.7 ya fito da ita a Nuwamba. Da yake editan VS Code da injin TypeScript yake fahimtar JavaScript, jan layin bai gushe ba sai da sigarsa ta 1.41 ta zo a Disamba.

Koya wa edita alamar ba ƙaramin aiki ba ne. Dubi a?.5:1. Nan ba sabuwar alama ba ce, tsohuwar tambayar sharaɗi ce mai lamba .5 a gabanta. Saboda haka aka kafa doka: in lamba ta biyo ɗigon, ba ?. ba ce. Dole edita ya leƙa harafin gaba kafin ya yanke hukunci ko ya shafa launi.

Chrome 80 ya karɓe ta a Fabrairun 2020, Node 14 a Afrilu, aka sa ta cikin ƙa'idar JavaScript ta ES2020 a Yuni. Inda data ke da tsada kuwa ba kowa ke sabunta manhaja ba. Wanda har yau yake kan Node 12, ko editansa ya yarda da rubutun, injin zai ƙi gudanar da shi.