Jinkirin Shigar da Kariya a Ƙarar Madani: Gudun Hijira a Matsayin Uzuri a Gabashin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ikon da alƙali yake da shi na karɓar takardar kariya bayan wa'adinta ya wuce. Matsayinta shi ne, a Wurno da Rabah da Goronyo, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, gudun hijira uzuri ne karɓaɓɓe, kuma dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya duk sun bar wa alƙali wannan ƙofa.

Gabatarwa

Kowace babbar kotu tana yanka wa wanda ake ƙara wa'adin shigar da kariya. A Babbar Kotun Tarayya kwana 30 ne, a ta Jihar Legas 42. In ya yi shiru har wa'adin ya cika, mai ƙara na iya neman hukunci a bayan idonsa.

Lauyoyin da wannan maƙala take jayayya da su suna cewa sassauci ne ke sa shari'a ta shekara goma a Nijeriya. Madogararsu shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982, inda Kotun Ƙoli ta ce ƙa'idojin kotu an yi su ne don a bi, kuma mai neman ƙarin lokaci sai ya ajiye wa alƙali dalilin da zai dogara da shi. Gaskiya ne. Sai dai hukuncin bai soke ikon alƙali ba, sharuɗɗa ya gindaya masa: me ya hana mutum bayyana, ko ya yi sakaci bayan ya samu labari, ko abokin shari'arsa zai cutu, ko kariyar tasa tana da tushe, da kuma halin da ya nuna tun farkon shari'ar. Masu kafa hujja da shi sukan karanta rabin farko su rufe littafin. Sukan kuma tsallake shari'ar UBA da Nwora ta 1978, wadda ta nuna cewa kariyar da ta riga ta shiga fayil kafin hukunci, ko da a makare, ba a kau da kai daga gare ta. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, mai tabbatar da haƙƙin a saurari kowa, yana sama da duk wata ƙa'idar kotu.

Hanyar Bincike

An karanta hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, aka auna su da abubuwan da suka faru a yankin daga 2010.

Sakamako

Babban abin da binciken ya gano shi ne, wa'adi yana tsaye ne a kan zaton cewa sammaci ya isa, kuma wannan zato ya rushe a yankin. A Satumbar 2010 ambaliyar kogin Rima ta raba dubban mutane da gidajensu a Goronyo da Wurno. A Yulin 2018 mahara suka faɗa wa ƙauyen Tabanni, waɗanda suka tsira suka kwarara garin Gandi. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, sannan a Oktoba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo.

A ɗauka manomin albasa ne ya ci bashin taki, aka yi ƙararsa a Sakkwato. Masinjan kotu bai same shi ba, sai kotu ta yarda a liƙa sammacin a ƙofar gidansa na ƙarshe da aka sani. A takarda, an isar. A zahiri gidan kufai ne, mai shi yana kwana a ajin makarantar firamare, wayarsa ba ta shiga. Kwanakin kuwa suna ta tafiya. Ranar da zai fara jin labari ita ce ranar da aka zo aiwatar da hukunci. Ina sakaci a nan?

Alƙalan ƙasar Sakkwato ba baƙin tambayar ba ne. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, fiƙihun Malikiyya ake hukunci da shi, kuma Tuhfa har gobe tana gaban alƙalan kotunan Shari'a. A cikinta ba a yanke hukunci sai an yi i'izari, wato an tambayi mutum ko yana da sauran hujja. In ya ce yana da ita, a ba shi ajali kashi-kashi: kwana 8, sai 6, sai 4, sai 3 na talawwumi, wato jinkirin ƙarshe, jimla 21, a rikicin gona da gado kuwa ajalin yakan kai wata guda. Ibn Asim ya kuma bar tsawon ajali ga ijtihadin alƙali. Ko bayan ta'ajizi, lokacin da aka ayyana mutum ya kasa kawo hujja, ƙofa a buɗe take a batun saki da nasaba da jini da wakafi da 'yanta bawa. Ibn Asim, malamin da ya rasu a Andalus a 1426, ya fi wasu lauyoyin yau fahimtar cewa wa'adi hadimin adalci ne.

Iyakar Bincike

Nazarin na matani ne, bai ƙirga fayilolin kotuna ba. An kuma yarda cewa akwai mai cin bashi da zai fake da rashin tsaro alhali yana zaune lafiya a birni, kuma ƙararrakin zaɓe, masu wa'adin kwana 180, ba sa cikin wannan magana.

Shawara

Maganin mai fakewa yana hannun alƙali: takardar rantsuwa, shaidar hakimi ko mai gari, da kuɗin ɓata lokaci ga mai ƙara. Abin da ya rage aikin Babban Jojin Jihar Sakkwato ne. Ya dace ya fitar da umarni cewa kada a yarda da liƙa sammaci a ƙauyen da aka tasa, kuma duk wanda ya tabbatar da gudun hijira a karɓi kariyarsa ba tare da tarar makara ba.