Yadda Kyamara Ta Hau Balan-balan: Daga Faris Zuwa Damagaram da Jalingo

A 1858 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, wanda aka fi sani da Nadar, ya shiga kwandon balan-balan a bayan birnin Faris ya ɗauki hoton ƙasa daga sama. Hotunan nasa sun salwanta. Mafi tsufa da ya rage a hannu shi ne wanda James Wallace Black ya ɗauka na birnin Boston a Amurka a 1860. Dukansu biyu balan-balan ɗinsu a ɗaure yake da igiya, mutum na ciki riƙe da kyamara. Sai da aka kwashe kusan shekara 150 kafin talaka ya iya tsinke igiyar, ya tsaya a ƙasa, kuma hoton ya dawo hannunsa.

Masu nazarin yanayi ne suka fara tsinke ta. A 1892 Gustave Hermite da Georges Besançon suka riƙa sakin balan-balan ba kowa a ciki sai na'urar awo, da 'yar takarda mai roƙon duk wanda ya tsinta ya mayar musu. Da irin wannan dabara Léon Teisserenc de Bort ya gano, ya kuma sanar a 1902, cewa idan aka wuce kamar kilomita 11 a sararin Turai sanyi yakan daina ƙaruwa. A 1930 Pavel Molchanov na Tarayyar Sobiyet ya saki na'ura mai aiko da awonta ta rediyo, daga nan masu hasashen yanayi suka huta da neman abin da ya faɗo. Mai hoto bai huta ba, domin fim sai an riƙe shi a hannu an wanke. Shi ya sa hoton da ya nuna lanƙwasar duniya daga nisan kilomita 22, a watan Nuwamba na 1935, sai da sojojin Amurka biyu, Albert Stevens da Orvil Anderson, suka sai da rai suka hau da kansu.

'Yan sha'awa sun shigo ta ƙofar rediyo. A 1987 Bill Brown ya saki balan-balan a jihar Ohio ɗauke da na'urar aiko da hoton talabijin, abokansa suna kamawa daga ƙasa. Amma abin da ya buɗe hanya sosai shi ne arahar GPS, musamman bayan da Amurka ta daina rage ingancinsa ga farar hula a watan Mayun 2000. A watan Satumban 2009 ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Oliver Yeh da Justin Lee, suka haɗa nasu da kuɗin da bai kai dala 150 ba: tsohuwar kyamarar Canon da aka saita tana ɗauka duk bayan daƙiƙa 5, wayar hannu mai GPS, da kular soso irin ta ajiye ƙanƙara. Ya kai kusan kilomita 28, ya dawo da hoton baƙin sama da shuɗin bakin duniya.

Aikin kansa ba wuya a fahimta. Ana hura balan-balan na roba da iskar hiliyam ko haidirojin har faɗinsa ya kusa mita 2. Yana hawa kamar mita 5 a daƙiƙa, yana kumbura saboda iskar da ke matse shi tana raguwa, har ya kai girman ɗaki ya fashe a wajen kilomita 30. Sai laima ta buɗe, akwatin da ke ɗauke da kyamarar ya sauko. Duka-duka awa biyu zuwa uku.

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan, ko da yake ba a hannun 'yan sha'awa ba. A ƙarshen daminar 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, masana daga Faransa da Amurka suka saki manyan balan-balan daga Damagaram, waɗanda suka tsaya a kimanin kilomita 20 iska tana jan su yamma zuwa Tekun Atilantika, suna jeho na'urorin awo a hanya.

Tafiyar tasu yamma darasi ce ga duk ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba da ke son gwadawa a Jalingo. Da damina iskar can sama daga gabas take kaɗowa, ke nan akwatin zai nufi kwarin Binuwai, inda gonaki suke a shimfiɗe amma ga ruwa da fadama. Da rani kuwa, a tsakanin kilomita 10 zuwa 14 iskar kan juya ta fito daga yamma, ta nufi duwatsun Shebshi da iyakar Kamaru, inda waya ba lallai ta sami sabis ba balle ta faɗi inda ta sauka. Ga kuma abin da mutumin ƙasa mai zafi ba zai zata ba: sararinmu ya fi na Turai sanyi. A nan sanyin ba ya tsayawa sai wajen kilomita 16 ko 17, inda yakan kusa digiri 80 ƙasa da sifiri. Batirin kanti ba ya jure wannan, sai na litiyam.

A ganina, babbar matsalar ba a sama take ba. Jalingo na da filin jirgin sama na Danbaba Suntai, don haka sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama ta NCAA da sanin NAMA mai kula da zirga-zirgar jirage, kuma tun 2016 hukumomi suka tsaurara kan jirage marasa matuƙi saboda tsaro. Akwati mai wayoyi da ƙyaftawar fitila idan ya faɗo a gonar doya a Zing ko Yorro, ba wanda zai fara tunanin kimiyya. Dole a rubuta bayani da lambar waya ɓaro-ɓaro a jikinsa, da Hausa da Fulatanci da Turanci, in kuma da rani ne a ƙara da Faransanci saboda mutanen tsallaken iyaka.