Tarihin Lambar Jaka a Wasan Golf na Faifai

Wasan nan na golf na faifai, wanda ake jefa faifan roba daga nesa har a kai shi cikin kwandon ƙarfe, mai ƙarancin jifa ya zama shi ya ci, ya sami tsayayyar ƙa'ida ne a Amurka a hannun Ed Headrick, wanda ya shimfiɗa filin farko na dindindin a Oak Grove, kusa da Pasadena ta jihar Kalifoniya, a 1975, ya kuma assasa ƙungiyar PDGA a 1976. Shi ne ya rataya sarƙoƙi bisa kwandon domin su tare faifan su sauke shi. Da yake kuwa da sunansa aka buɗe littafin ƙungiyar, sai aka ba shi lamba 001, wadda ta tabbata tasa har bayan mutuwarsa a 2002, domin lambar PDGA kamar nasaba take, ba a cin ta a fage.

To, amma ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa, waɗanda jama'arsu ke haɗuwa mako-mako, sun ƙago wata lamba dabam wadda hukuncinta ya saɓa wa waccan. A farkon shekara ƙungiya takan buga lambobi na ƙarfe ko roba ko katako, daga ɗaya zuwa adadin 'ya'yanta, kowa ya saya ya rataya a jakar faya-fayensa inda ido zai gani, kuɗin kuwa galibi a yi hidimar fili da su. Idan aka gama zagaye, sai a kwance lambobin a tara su bisa teburi ko kan mota, a duba takardar lissafi, wanda ya fi kowa ƙarancin jifa ya ɗauki mafi ƙanƙanta, na biye ya ɗauki ta biye, har a kai ga wanda ya zo da 4 da hantsi ya koma gida da 30. In an yi kunnen doki, bisa al'adar akasarin ƙungiyoyi, mai riƙe da ƙaramar lamba ba ya rasa ta. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne wajabcin amsa ƙalubale: wanda ya riƙe lamba ɗaya ba shi da ikon ɓuya da ita, domin ƙungiyoyi da yawa sun yanka wa'adin da in ya wuce bai fito fage ba, a karɓe ta.

Akwai kuma al'adar zana dodanni da matsafa da mayaƙa a kan lambobin, wadda ba daga sama ta faɗo ba. Kamfanin Innova, wanda Dave Dunipace da abokansa suka kafa a 1983, ya raɗa wa faya-fayensa sunaye irin su Dragon da Orc da Valkyrie da Roc, watau ƙaton tsuntsun nan na hikayar Sindbad; kamfanin Westside na Finlan kuma ya ɗebo Sampo da Ahti daga Kalevala, waƙar almarar ƙasarsa. Mutanen da suka saba kiran kayan wasansu da irin waɗannan sunaye, ba mamaki su ƙaga wa kowace lamba ƙissa da laƙabi, su mai da lamba ɗaya rawanin sarki, a riƙa ruwaito silsilar waɗanda ta bi ta hannunsu.

Wasu na ganin wannan shagala ce kawai, alhali kuwa ƙissar ita ke sa mai lamba 40, wanda ba zai taɓa taka gasar duniya ba, ya fito ranar da ake zabga sanyi. A ganina, filayen nan sun rayu ne da irin wannan mutum fiye da yadda suka rayu da zakaru.