Wuri a Ƙasar Ruma

Wanda ya san Batsari da Safana ya san babu teku kusa da su, sai duwatsu da dajin Rugu. Amma kakannin mutanen nan sun daɗe suna ciniki da ƙwanson wani dodon-koɗi na teku, wato wuri, wanda jam'insa shi ne kuɗi.

Asalinsa tsibiran Maldib ne, cikin tekun Indiya. Mutanen can sukan jefa rassan kwakwa cikin ruwa, 'yan halittun su manne, sa'an nan a shanya su bisa rairayi har naman ya ruɓe, ƙwanso ya saura. Cikin wannan teku kuma akwai wani dodon-koɗin mai ƙwanso tsini, wanda ke harbi da dafi. Wasu irinsa har mutum sukan kashe, amma wuri ba ya harbin kowa.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya hau a 1703, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan liyari guda. A 1853 ya bi ta Kurfi da Zakka, ya ratsa daji zuwa Zurmi, lokacin ana tsoron harin Maraɗawa da Gobirawa. To, dubi wahalar falke a wannan hanya. Wuri zambar ashirin, wato keso ɗaya, kayan ƙato ne sosai, alhali liyari takwas kaɗai ya ke. Mai kuɗi ba shi da halin gudu.

Abin mamaki, yawa ne ya kashe wuri. Tun daga wajen 1845 Jamusawa 'yan kasuwa suka shiga ɗebo wani iri mai araha daga Zanzibar, suna jibgewa a Ikko da maƙwabtanta. Daraja ta yi ta faɗuwa, har ya zamana ladan ɗauka na cinye kaya in tafiya ta yi nisa. A 1904 Gwamna Lugga ya hana shigo da shi Arewa, ba da jimawa ba kwabo da anini masu huji suka fito. Talaka dai bai saki wuri nan da nan ba, gama ko anini ya fi ƙarfin cefanen gishiri da daddawa.

Yanzu sai a jikin kayan 'yan bori da faifan masu duba a kan gan shi.