Lawrence Taylor da Yadda Aka Fara Gadin Bayan Mai Jifa

Ƙwallon Amurka, wadda ake yi da kwalkwali a ka da matashi a kafaɗa, wasa ne na cin fili. Mutum 11 ne ke kai hari, 11 kuma suna tsaro, a fili mai tsawon yadi 100. Masu hari suna da dama 4 su matsa gaba da yadi 10, in sun gaza ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kusan kowane hari daga hannun mutum ɗaya yake tashi, wato kwatabak, mai jifa. Shi ke karɓar ƙwallo ya ja da baya, ya duba wanda zai jefa wa ko wanda zai miƙa wa ya ruga da ita. A gabansa ƙarti biyar ke jeruwa su zama katanga. Masu tsaro kuwa sahu uku ne: manyan da ke gaba suna ture katangar, masu sauri da ke can baya suna bin masu cafe ƙwallo, sai waɗanda ke tsakiya, su ne ake kira lainbaka.

Wannan matsayi na tsakiya bai samu kamanninsa na yanzu ba sai a shekarun 1950. A lokacin ne Bill George na ƙungiyar Chicago Bears ya fara janyewa daga sahun gaba yana tsayawa a baya don ya ga abin da ke faruwa. A New York kuma Tom Landry, mai kula da tsaron Giants, ya gina tsarin mutum huɗu a gaba, uku a bayansu, ya ɗora Sam Huff a tsakiya. Huff ya yi suna har mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a 1959. Bayansa Ray Nitschke na Green Bay da Dick Butkus na Chicago suka karɓi tuta. Dukansu a tsakiya suke tsayawa, aikinsu kuma su karanta inda mai gudu da ƙwallo zai bi su tarye shi da ƙarfi. Lainbakan da ke gefe kuwa tamkar mataimaki ne: ya tsare lungu, ya bi mai cafewa, ya toshe kafa.

Abu biyu suka sauya a shekarun 1970. Na farko, ƙungiyoyi irin su New England Patriots da Houston Oilers suka ɗauko tsarin mutum uku a gaba da lainbaka huɗu, tsarin da ya samo asali daga wasan jami'o'i. Na biyu, a 1978 hukumar gasar NFL ta gyara dokoki don a riƙa jifa da yawa, saboda shi 'yan kallo ke so. Aka hana masu tsaro ture mai cafewa da zarar ya wuce yadi 5, aka kuma yarje wa ƙartin katanga su miƙe hannu su buɗe tafi wajen tare mutum. Jifa ya yawaita, mai jifa ya ƙara daraja. Hanya mafi sauri ta kashe hari ta zama a cimma mai jifa tun ƙwallo na hannunsa. Cikin wannan yanayi Lawrence Taylor ya shigo.

An haife shi ranar 4 ga Fabrairu, 1959, a Williamsburg da ke jihar Virginia. Yana yaro wasan besbol ya fi ɗauke masa hankali, bai shiga ƙwallon Amurka sosai ba sai da ya kusa gama sakandare. Jami'ar North Carolina ta ɗauke shi a 1977, da farko a sahun gaba, daga baya aka mayar da shi lainbaka. A shekararsa ta ƙarshe, 1980, ya kayar da mai jifa sau 16, aka zaɓe shi gwarzon yankin gasar jami'o'insu. Da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na 1981, New Orleans Saints ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki George Rogers mai gudu da ƙwallo. Giants da ke biye ta ɗauki Taylor.

Giants a lokacin tana cikin wani hali. Rabonta da zagayen sili ɗaya ƙwale tun 1963, a kakar 1980 kuma wasa 4 kacal ta ci cikin 16. Tana dai da lainbaka nagari, Harry Carson da Brad Van Pelt da Brian Kelley, ga kuma sabon mai kula da tsaro, Bill Parcells, tare da wani matashin mataimaki mai suna Bill Belichick. Parcells ya tsayar da Taylor a gefen dama na tsaro. Shi Taylor da kansa ya sha ba da labarin yadda a farkon zuwansa yakan manta an ce ya ja baya ya tsare mai cafewa, sai kawai ya afka wa mai jifa ya kayar da shi. Hikimar Parcells ita ce bai tsaya gyara yaron ya dace da tsari ba, sai ya gyara tsarin ya dace da yaron. A wannan kaka Giants ta ci wasa 9, ta shiga sili ɗaya ƙwale, Taylor kuma ya zama gwarzon sababbin masu tsaro, ya kuma zama gwarzon masu tsaro na gasar baki ɗaya. Babu sabon shiga da ya taɓa samun wannan ta biyun in ba shi ba.

A nan ya kamata a tsaya a duba abin da ya sa ya gagara, domin ba ƙarfi kaɗai ba ne. Tsayinsa wajen santimita 190, nauyinsa wajen kilo 107, amma gudunsa irin na ƙananan 'yan baya ne. A tsarin da aka saba, ƙartin katanga biyar suna fama da ƙartin tsaro ne, lainbakan da ya kutso daga gefe kuwa mai gudu da ƙwallo ake bar wa ya tare shi, mutumin da Taylor ya fi nauyi ya kuma fi ƙarfi. In aka turo ƙato daga katanga, kafin ya juya jikinsa Taylor ya zagaye shi. In aka bar ƙarami, ya bi ta kansa. Sannan ga inda yake fitowa. Yawancin masu jifa na-dama ne, in za su yi jifa sai su juya kafaɗa, bayansu ya fuskanci hagu. Daman masu tsaro kuwa shi ne hagun masu hari. Ke nan Taylor ta ƙeyar mai jifa yake zuwa, ta inda ido ba ya kaiwa. Ya ƙara da wata dabara: maimakon ya rungume mutum ya kayar, sai ya sauke hannu kamar sara a kan hannun da ke riƙe da ƙwallo don ta suɓuce. Yau kowane yaro mai koyon wannan matsayi ana koya masa haka.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wanda ya fara nemo magani shi ne Bill Walsh na San Francisco 49ers. Da suka haɗu da Giants a Janairun 1982, ya ɗauko John Ayers, ɗaya daga ƙartin cikin katanga, ya ce aikinsa ya zame gefe ya tarbi Taylor duk lokacin da ya taso. San Francisco ta ci 38 da 24, ta wuce har ta ɗauki kofin Super Bowl. Joe Gibbs na Washington, wanda dole ya gamu da Giants sau biyu kowace kaka, ya bi wata hanya. Ya rage masu gudu da ƙwallo daga biyu zuwa ɗaya, ya ƙaro wani mai jiki kusa da katanga don Taylor ya tarar da mutum a gabansa tun daga tashi. Wannan tsari na mai gudu ɗaya ya bazu har ya zama ruwan dare. A ganina wannan ya fi kowace lambar yabo nuna girman Taylor: manyan kociya biyu na zamaninsa, kowanne ya ci Super Bowl sau uku, sun sake zanen harinsu saboda mutum ɗaya.

Duk da haka maganin bai hana aukuwar abin da ake tsoro ba. Daren Litinin, 18 ga Nuwamba, 1985, Giants ta je Washington, ana nuna wasan kai tsaye a talabijin a duk ƙasar. Joe Theismann, mai jifan Washington, ɗan shekara 36 wanda ya taɓa cin Super Bowl, ya miƙa wa John Riggins ƙwallo, Riggins ya mayar masa da ita don a yaudari masu tsaro. Ba su yaudaru ba. Taylor ya zo ta baya ya faɗa kansa, ƙasusuwa biyu na ƙaurin Theismann na dama suka karye har ƙashi ya huda fata. Taylor ne ya fara zabura yana ɗaga hannu yana kiran likitoci, sannan ya dafe kwalkwalinsa da hannu biyu. Theismann bai sake buga wasa ba. Joe Jacoby, ƙaton da ya saba gadin hagun katangar Washington, ba ya cikin fili a daren saboda rauni.

Masu ƙungiyoyi sun ga abin da kowa ya gani, suka kuma yi lissafi. Mai jifa shi ne jarin da ya fi tsada, kuma mutum ɗaya ne ke tsakaninsa da irin su Taylor: wanda ke ƙarshen katanga ta hagu. A da ƙartin katanga biyar ɗin kusan kuɗin goro ake musu, ba a bambanta wannan da wancan. Yanzu aka shiga neman wani irin mutum da ba a cika samu ba, dogo mai dogayen hannaye, mai nauyin kilo 140 ko fiye, amma ƙafarsa da sauri. Da aka buɗe kasuwar sauya ƙungiya a 1993, albashin masu gadin hagu ya yi sama har suka shiga sahun waɗanda aka fi biya. Tony Boselli aka ɗauka na biyu a zaɓen 1995, Jonathan Ogden na huɗu a 1996, Orlando Pace kuwa shi ne na farko a 1997. Littafin Michael Lewis na 2006, The Blind Side, wanda aka mayar fim a 2009, da karayar Theismann ya fara, don daga nan labarin ya taso.

Shi kuwa Taylor, 1986 ce ƙololuwarsa. Ya kayar da mai jifa sau 20 da rabi (in mutum biyu suka yi tarayya a kayarwa, rabi-rabi ake rubuta musu), Giants ta ci wasa 14 cikin 16, ta doke Denver Broncos 39 da 20 a Super Bowl, aka kuma ba shi kambun ɗan wasa mafi daraja na gasar. Kafinsa Alan Page ne kaɗai mai tsaron da ya samu wannan, a 1971. A 1988 ya buga da New Orleans da tsokar kafaɗa a yage, an ɗaure shi da majanyi, ya kayar da mai jifa sau 3, Giants ta tsira da 13 da 12. A Janairun 1991, a karawar Giants da San Francisco, saura 'yan mintuna San Francisco ta kai wasan ƙarshe, ƙwallo ta suɓuce wa ɗan wasanta Roger Craig, Taylor ya cafe ta, Giants ta ci 15 da 13, ta je ta doke Buffalo Bills 20 da 19 ta ɗauki kofi na biyu. Jijiyar agararsa ta tsinke a 1992, ya dawo ya ƙara kaka ɗaya, ya ajiye bayan kakar 1993. A hukumance yana da kayarwa 132 da rabi, ban da 9 da rabi na shekararsa ta farko, lokacin ba a fara ƙirga su ba.

Akwai ɗaya gefen, kuma duk wanda ya tsallake shi bai yi wa tarihi adalci ba. Taylor ya faɗa shan hodar iblis tun yana ganiyar wasa. Ya je asibitin gyaran hali a farkon 1986, a 1988 aka dakatar da shi wasa 4 bayan gwaji ya sake kama shi. Bayan ya yi ritaya an kama shi a 1996 da 1998 kan yunƙurin sayen ƙwaya. Da aka zo shigar da shi zauren gwarzayen ƙwallon Amurka da ke Canton a 1999, an yi muhawara kan halinsa, amma ƙa'idar wurin abin da mutum ya yi a fili take dubawa, aka shigar da shi. Mafi muni ya zo daga baya. A 2010 aka kama shi a jihar New York kan lalata da yarinya 'yar shekara 16. A 2011 ya amsa laifuka biyu, kotu ta sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara 6, aka rubuta sunansa a kundin masu laifin lalata. Shan ƙwaya kansa ya fi cutarwa, wannan kuwa zalunci ne a kan yarinya, kuma babu yawan kofin da zai rage masa nauyi.

Matsayin da ya sake wa fasali ya ci gaba a hannun wasu. Derrick Thomas na Kansas City ya kayar da mai jifan Seattle sau 7 a wasa ɗaya a 1990. Von Miller na Denver ya zama gwarzon Super Bowl na 50 da irin saran hannun nan da ke suɓutar da ƙwallo. T.J. Watt na Pittsburgh ya kai kayarwa 22 da rabi a kakar 2021. Yau ƙungiyoyi na zuba kuɗi mafi yawa a kan mai jifa, sai mai farautarsa daga gefe, sai masu cafe masa ƙwallo da mai tsare masa baya. Giants ta jingine lambarsa, 56, a 1994, ba wanda zai sake sa ta, kuma tun 1986 ba a ƙara ba wani mai tsaro kambun ɗan wasa mafi daraja ba.